Baffa da Bokitin Gishirin Sanyi

Ranar da Baffa ya rasu, kusan duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya taɓa wani wuri a jikinsa kafin ya tashi. Ban lura ba da farko. Wata maƙwabciyarmu ta durƙusa gaban Inna, matar Baffa, ta ce, "Ya haƙuri?" Inna ta ce, "Da godiya." Sai matar ta dafa gwiwarta ta hagu ta fashe da kuka. Da na kai ruwa bakin zaure, na ji wani direban bas da ke jigila tsakanin Samaru da Sabon Gari yana cewa, "Nan ne, wallahi nan ne Malam ya ɗora min ledar nan ranar da ƙofar mota ta datse ni," yana murza wuyan hannunsa. Tsofaffin 'yan ƙwallon unguwa, waɗanda yanzu duk sun ajiye tumbi, suka jeru a tabarma ɗaya kowa yana nuna idon sawunsa.

Wani da suka yi aiki tare a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a ya ce shekara talatin bai taɓa ganin Baffa ya fasa kwalba ba. Liman ya ce mutum ne mai sanyin hali, aka amsa da haka ne. Gwaggo, yayar Baffa da mahaifina, ba ta yi kuka ba. Tana zaune bakin ƙofar Inna da carbi a hannu ta ce, "Sanyin hali? Ku dai ba ku san shi ba. Allah ya gafarta masa taurin kansa."

Akwai kuma wani dattijo manomi daga Bomo, Kirista ne, wanda Baffa ke kira Sarkin Noma ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Ya zo a kan babur, ya cire hula, ya zauna can gefen tabarma. Da ake addu'a ya sunkuyar da kai. Abin da ya ce kawai shi ne, "Malam ya tafi bai kawo min saƙona ba." Mutane suka ɗauka maganar tsufa ce. Ni na san saƙon da yake nufi.

A bayan gidan akwai wani ƙaramin ɗakin ajiya mai rufin kwano. Ƙofarsa ta katako ce, gara ta cinye ta daga ƙasa. Makullinsa yana cikin jakata tun wata biyu kafin rasuwar. A ciki, tsakanin tarin tsofaffin jaridu da wata katifa da aka daina kwana a kai, akwai bokitin fenti mai murfi cike da wani farin gishiri wanda ba na miya ba. Wasiyya biyu Baffa ya bar min a kansa: kada wuta ta kusance shi, kada kuma labarinsa ya fita daga gidan. Da la'asar ɗin ranar farko aka kawo amalanken itace domin sadakar uku. Gwaggo ta nuna inuwar ɗakin da carbinta ta ce, "Ku zube shi can."

Ina rubuta wannan ne bayan Inna ta gama takaba, da izininta, ba tare da sunan kowa ba. Ba na so a manta da shi. Amma ina jin in na faɗi alherinsa kaɗai, wani mutum daban zan bari a takarda, ba Baffa ba.

Shi ya riƙe ni tun ina rarrafe, bayan rasuwar mahaifina. Bai yi digiri ba. Da wanke kwalabe ya fara, ya gama yana shirya wa ɗalibai kayan gwaji, yana tsaye a bayansu kada su ƙona kansu. Aikin ya biyo shi har gida. Kowane gwangwani a kicin ɗin Inna akwai takarda a manne da rubutun hannunsa: gishiri, sukari, kanwa. Inna takan ce, "Malam, shekara nawa ina girki, gishiri ne ban sani ba?" Shi kuma ya ce, "Fararen abubuwa suna da yawa, Hajiya, harshenki kuwa guda ɗaya ne." Ba ya kai hanci bakin tukunya. Sai ya tsaya nesa ya kaɗo tururin da tafin hannu zuwa hancinsa, ko da miyar kuka ce. Mun sha kwaikwayonsa a bayan idonsa.

Ina da shekara goma, in ban manta ba, na fara ganin aikin gishirin. Bazara ce, an yi kwanaki ba wutar lantarki, ko ƙanƙarar sayarwa babu a Samaru. Sarkin Noma ya shigo da matarsa da rana tsaka, ta faɗo daga babur a hanyar Bomo, gwiwa ta kumbura. Baffa ya shiga ɗakin ajiya ya fito da kofi cike da farin abu. Ya juye shi cikin leda mai kauri, ya jefa ruwan leda guda a ciki ba tare da ya ɓula shi ba, ya ɗaure baki tamau. Ya matsa da hannu biyu har na cikin ya fashe, ya girgiza, ya miƙo min.

"Riƙe."

Na riƙe, na yi ƙara na sake ta. Sanyi ne irin wanda ban san akwai shi a garin ba a wannan wata. Baffa ya ɗauka ya naɗe ta a tsumma ya ɗora wa matar. Sarkin Noma ya ja da baya taku biyu.

"Malam, ashe kai ma kana da naka?"

"Ba asiri ba ne, Sarkin Noma. Taki ne. Ɗan'uwan wanda kake zuba wa masara."

"Takin da ke ƙona shuka in ya yi yawa?"

"Shi fa."

"To ni dai ban taɓa jin gonata ta yi sanyi ba."

Sai da na shiga sakandare ya yi min bayani, muna zaune a tabarma yana ɓare gyaɗa. Ya ce ƙwayoyin gishirin nan a riƙe suke da juna, riƙo mai ƙarfi. Kafin su narke dole a ɓamɓare su, ɓamɓarewar kuma aiki ce, ba ta yiwuwa sai da zafi. Ruwa in ya kewaye su yakan saki ɗan zafi, amma bai isa aikin ba. "To ragowar daga ina za ta fito?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Daga ruwan. Daga ledar. Daga gwiwar matar nan. Ledar ba sanyi take ba ki ba, zafinki take sha." Ya aike ni in taɓa gefen robar da Inna ke jiƙa sodar sabulu, daga waje, in ji bambanci. Ita soda in tana narkewa zafi take fitarwa. Na dawo na tambaye shi, tunda aikin da wuya, me ya sa gishirin yake narkewa da kansa ba a tilasta shi ba. Ya ce, "Abu in ya samu damar watsuwa, watsuwa yake so, ko da zai sha zafin duk abin da ke kusa da shi." Daga baya a jami'a na koyi sunayen waɗannan abubuwa da lissafinsu. Ban tarar da abin da ya saɓa wa maganar gyaɗar nan ba.

Yana da dokoki, ba ya kuma sassauta su ga kowa. Ba a ɗora ledar a fata sai an naɗe ta. Ba ta wuce tsawon cin tuwo a jiki. Ba a barin ta inda akuya ko yaro zai ɓula ta. Kuma sau ɗaya take yi.

Wannan ta ƙarshen ce ta haɗa shi faɗa a Sabon Gari. Na raka shi wani kemis sayen maganin Inna, sai ya hango irin ledojin nan na kamfani, masu kwali da rubutu, an jera su cikin firji. Ya buɗe ya latsa ɗaya, ya ji ta lagwai-lagwai.

"Wannan ai an riga an fasa ta."

Mai kemis ɗin ya ce, "Baba, a mota ne suka fashe. Shi ya sa na sa a firji, zai koma sabo."

"Sanyin firji ne zai dawo, shi ma in akwai wuta. Nata ya tafi."

"Taɓa ka ji mana, Baba! Akwai sanyi ko babu?"

"Direba ya saya ya jefa a mota. Bayan wata guda a yi haɗari a hanyar Kano, a ɗauko ta, me za a samu? Ruwan ɗumi."

"Oga, ka saya ko ka ba ni wuri."

Baffa bai saya ba, bai kuma ba shi wuri ba. Ya tsaya bakin shagon, duk wanda ya zo sai ya ce masa, "In ledar sanyi za ka saya, latsa ta tukuna. In ba ka ji ƙwayoyi da ƙullin ruwa a ciki ba, ta mutu." Ni kuwa kamar in nutse don kunya. Sai da mutumin ya kwashe su ya zuba a kwali Baffa ya shiga ya sayi maganin da ya kawo shi. Mai kemis ɗin nan shi ma ya zo gaisuwa, tun daga Unguwar Gabas. Na ji yana ce wa maza, "Baba ya taɓa rufe min kasuwa awa biyu."

Gishirin bokitin sunansa amoniyam naitiret. Baffa gishirin sanyi yake ce masa. Ya saye shi tun da daɗewa a wani shagon kayan noma a Sabon Gari, lokacin ana sayar da shi a fili kamar kowane taki. Sai zamani ya sauya. Miyagu suka gano wani amfanin nasa, ya ɓace daga kasuwa, wanda aka gan shi da shi kuma sai ya yi bayani. Baffa ya koma yi wa mutanen unguwa ledar da takin yuriya. Sanyinta bai kai ba, amma tana biyan buƙata. Bokitin dai ya zauna. Kowace shekara sai ya ce wa Sarkin Noma, "Bayan damina zan kawo maka shi ka zuba a lambu." Damina ta wuce, sai ya ce ana tsayar da mutane a hanya ana buɗe kaya, ga barikin Basawa kusa. "Tsoho mai gemu, tsohon ma'aikacin sinadarai, da bokitin wannan a bayan babur. Me zan ce musu?" Wannan dalili ne na gaskiya. Amma ina zaton akwai na biyu, ko da yake bai taɓa faɗa ba: ba ya son rabuwa da shi. In gwiwoyin Inna suka tashi, daga bokitin yake ɗebowa, ba daga buhun yuriya ba.

Malama Wataƙila yake kirana, saboda ba na iya gama magana ban sa wannan kalma ba. Da na gama digirina a ilimin sinadarai, na yi mako guda ina shirya yadda zan tunkare shi. Na same shi da safe yana shan shayi.

"Baffa, ina ganin wataƙila ya kamata a yi wani abu game da bokitin nan."

"Malama Wataƙila ta zo. Faɗi."

Na ce na san ba ya kama wuta da kansa. Amma in wani abu ya kama a ɗakin, shi zai ƙara wa wutar ƙarfi, hayaƙinsa guba ne, a rufaffen wuri kuma abin yana iya wuce haka. Na ce ga jaridu, ga katifa, ga rufin kwano.

"Na san wannan tun ba a haife ki ba."

"To a narkar da shi mana, Baffa. A ruwa ai ba ruwan kowa da shi."

Ya ajiye kofin. "Takardar da suka ba ki ce ta ce ki zo ki koya min aikina?"

Ya tashi ya bar shayin. Mako guda in na gaishe shi sai ya amsa da ka. Ban iya jurewa ba. Na je na durƙusa na ce ya yafe min, wataƙila na zaƙe, wataƙila ba abin da zai faru. Na zaci zai ji daɗi. Kallon da ya yi min irin wanda yake yi wa ɗalibin da ya zubar da abin da aka yini ana tacewa ne. 

Shekara guda bayan haka hawan jini ya taɓa masa ɓarin jiki. Wata rana da hantsi, Inna ta fita ɗora ruwa, ya yafito ni da hannun da ke motsi ya sa min makullin a tafi. Maganarsa ta yi nauyi, sai na kai kunne.

"Rannan ke ce da gaskiya. Amma kin janye." Ya huta. "A ɗakin gwaji na fi tsoron mai gaskiyar da ke janyewa a kan mai kuskure."

Sannan ya faɗi wasiyyar. Ya ce in labarin ya fita, kafin magariba Samaru ta gama cewa gidan mai haɗa abin fashewa ne, a zo a tasa Hajiya a gaba da tambayoyi tana cikin takaba. Ya ce in narkar da gishirin a ruwa mai yawa, kaɗan-kaɗan, in kira Sarkin Noma.

Wata biyu makullin yana hannuna ban yi ba. Gidan cike yake da masu dubiya, na ce bari a ragu. Na ce bari ya ji sauƙi ya tsaya a kaina. Na ce mako mai zuwa. Abin da na zarge shi da shi na shekaru, ni ma na yi nawa a wata biyu.

Rana ta biyu ta makoki aka ƙaro itace, aka kawo damin kara na hura wuta aka jingina shi a jikin ƙofar ɗakin. Zafin ranar ya kai inda kwanon rufin yake ƙas-ƙas shi kaɗai. Na je wurin Gwaggo.

"Gwaggo, ko da za a matsar da itacen nan? Wataƙila..."

"Wataƙila me?"

"Wataƙila gara ta taɓa shi."

"Gara ta ci itacen kwana biyu? Je ki cika min buta."

Na cika mata buta. Sau uku na zagaya bayan gida a ranar, ina ɗora tafin hannu a kan ƙofar. Na yi ta faɗa wa kaina abin da zan rubuta in jarrabawa ce: da wuya, da wuya ƙwarai, bango ne tsakaninsu. Sai kuma in kalli gibin da gara ta yi a ƙasan ƙofar, wanda kyanwa za ta iya shiga.

Ranar uku, rana na fitowa mata suka cika tsakar gida. An jera murhu uku a jikin bangon ɗakin, domin nan ne kaɗai inuwa take kaiwa azahar. Kafin in fito daga ɗakin Inna an hura biyu, an ɗora tanda, mai ya fara ƙara. Ga wata iska irin ta gaban ruwan farko, mai zuwa ta tsaya ta sake tasowa daga wani gefen. Ina tsaye da robar ƙullu a hannu na ga wani guntun kara mai ci ya gangaro daga murhu, iska ta tura shi har bakin gibin ƙofar. Wutarsa ta kwanta ta leƙa ciki.

Ban san lokacin da na ajiye robar ba. Na taka shi da silifas, na murje, na sake murjewa.

"A kashe wutar nan."

Hira ta tsaya. Gwaggo ta ɗago daga kujerarta. "Me kika ce?"

"A kashe ta, Gwaggo. Ba za a yi girki a jikin ɗakin nan ba."

Wata daga baya ta ce, "Ikon Allah. 'Yar boko ta fara."

Gwaggo ta miƙe, butarta a hannu. "A nan aka soya wainar uwarmu. A nan aka soya ta ubanki, kina bayana a goye. Sai ta ƙanina ce za ki hana? Faɗi dalili, ga mu muna ji."

Mata sun fi talatin, duk ni suke kallo, kowace kuma da waya a ɗaure a gefen zani. In na faɗi dalilin, na karya wasiyya ta biyu. In na yi shiru, na karya ta farko. Na kama wuyan hannun Gwaggo, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na ce, "Zo ki gani." Na ture damin karan, na buɗe, na ja ta ciki na mayar da ƙofa.

Ɗakin kamar tanderu. Hayaƙi yana shigowa ta ƙasa, siriri, yana bin gefen jaridun. Bokitin yana nan a kan bulo biyu, da takarda a manne da rubutun Baffa: BA NA CI BA NE. NESA DA WUTA. Na ɗaga murfin. Gishirin ya sha laimar shekaru ya dunƙule kamar dutse. Na kankaro kaɗan da cokalin da ke ciki na zuba a tsohon kofinsa, na karɓi butar Gwaggo na tsiyaya ruwa, na juya, na sa mata kofin tsakanin tafukanta.

Ta riƙe. Na ga fuskarta ta sauya.

"Wannan ne? Wanda ya ɗora min ranar da kunama ta harbe ni?"

"Shi ne."

"To me ya haɗa shi da wuta? Abin sanyi ne ai. In ma wuta ta zo shi zai kashe ta."

"Da ruwa ne yake sanyi, Gwaggo. Da wuta wani abu ne daban. In ɗakin nan ya kama, shi zai ƙara mata ƙarfi. Hayaƙinsa kaɗai ya isa ya kwantar da matan da ke tsakar gidan nan. Shi ne wanda ake nema in an tsayar da mota a hanya."

Ta dubi bokitin, ta dubi hayaƙin da ke zagaye ƙafarta. "Tun yaushe yake nan?"

"Tun ina yarinya."

"Muna kwana, muna tashi." Ta girgiza kai. "Mai taurin kai. Allah ya gafarta maka." Nan ne na ga hawayenta na farko tun rasuwar. Ta share da bakin mayafi, ta miƙo min kofin, ta buɗe ƙofa.

"Ku kwashe wutar nan! Ba ku ga hayaƙi yana komawa ɗakin mai takaba ba? Ku ba ku da ido ne, sai yarinya ta faɗa muku?"

Wata ta ce, "Gwaggo, ai ke kika ce nan."

"Na ce, yanzu kuma na ce can. Tsakiyar gida. Itacen ma ku ɗebe, har karan."

Iskar ba ɗakin Inna take nufa ba, kowa ya gani. Amma ba mai ja da Gwaggo. Aka kwashe garwashi a tsohon kwano, aka mirgina duwatsun murhu zuwa fili, inda babu inuwa ko ta ganye. Ita da kanta ta juye bokitin ruwa biyu a kan tokar, na uku a ƙasan ƙofar. Sannan ta ja kujerarta ta zauna a gaban ɗakin da carbinta, ba ta tashi ba sai don salla, in za ta tashi kuma sai ta kira ni in zauna. A tsakiyar rana aka soya wainar Baffa. Mata sun yi makonni suna maganar rashin tausayin Gwaggo. Ba ta taɓa kare kanta ba.

Washegari baƙi suka ragu. Na kira Sarkin Noma, ya zo da hantsi da jarkoki a ɗaure a babur. Gwaggo ta sa sakata a ƙofar gida. Muka ɗauko bokitin mu biyu muka ajiye kusa da rijiya. Ban fasa dunƙulen ba. Na zuba ruwa a kai, na jira ya sha, na tsiyaye a duro mai cike da ruwa, na sake zubawa. Sarkin Noma yana ja daga rijiya yana cewa a lambu ma sai ya ƙara tsinka shi sosai, kada ya ƙona masa albasa. Na san akwai wanda zai ce hukuma ya kamata a kira. Wataƙila gaskiyarsa ne, na yi ta juya wannan a raina har yau. Abin da aka ce in yi na yi.

A zubi na biyu jikin bokitin ya fara tsattsafo da raɓa, cikin wannan zafi, ɗigo-ɗigo yana gangarowa ƙasa. Sarkin Noma ya ajiye guga ya ɗora bayan hannunsa.

"Kai, Malam," ya ce. "Har yanzu?"

Sai muka ji ƙofa. Inna ce, rana ta farko da ta taka tsakar gida ba don alwala ba. Ta zo a hankali tana dafa bango. Ban taɓa yi mata maganar bokitin ba, ita ma ba ta tambayi komai ba. Ta ce wa Gwaggo, "Yaya, ba ni kujerar nan." Ta zauna, ta gyara zaninta ya rufe fata kamar yadda yake so, ta jingina gwiwarta a jikin bokitin ta rufe ido.

Na dakata da aikin. Can kuma na ci gaba. Na sake zuba ruwa sau biyu tana zaune, har dunƙulen ya koma kamar ƙwai, har ya ɓace. Raɓar ta daina gangarowa. Rana ta bi ta ta busar.

Inna ta buɗe ido, ta shafa jikin bokitin sama da ƙasa tana nema.

"'Yar nan, in aka ƙara ruwa zai dawo?"

Gwaggo ta kalle ni. Sarkin Noma ma ya kalle ni, hularsa a hannu.

Na ce, "A'a, Inna. Ba zai dawo ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Allah ya sanyaya masa makwanci, yadda ya sanyaya mana." Muka ce amin, har Sarkin Noma. Sannan ya ɗaure jarkokinsa ya kama hanyar Bomo, ni kuma na ɗauraye bokitin sau uku na kife shi a rana, takardar tana manne a jikinsa.